Ƙurajen Saiwar Wake

Babana mutum ne mai taurin kai, Allah ya jiƙansa, kuma duk gidanmu ni na gado shi. Shi ya sa ba ma rabuwa da musu, musamman a kan gonarsa.

Gonar tana bayan Challawa, jikin katangar wata masana'antar jima. Gadon kakanmu ce, tun kafin a ajiye bulo ko ɗaya a wurin. Maƙwabtansa duk sun sayar da nasu, wasu sun koma Panshekara sun kama haya, 'ya'yansu sun shiga aikin kamfani. Shi kuwa ya ce sai dai bayan ransa. Gero da wake yake shukawa, mu ci waken, harawar kuma ya jibge wa tumakinsa a kan rufin soro. Da aurena ya mutu na dawo gida, ni ce mai kai masa fura gona.

Amfanin gonar kullum baya yake yi. Wake ya fito ganye rawaya-rawaya kamar mai ciwon shawara. In na ce, "Baba, gonar nan fa ta gaji," sai ya harare ni ya ce, "Ke ce dai kika gaji. Ruwan sama ne bai zo daidai ba." Bana ya ce ruwa ya yi yawa, baɗi ya ce ya yi kaɗan. Gonar dai ba ta laifi.

Wata damina na iske mota a bakin gonar. Wata malama ce daga cibiyar binciken noma, mai nazarin wake da gyaɗa da waken suya, tana bin 'yan gonakin da suka rage a kewayen masana'antu. Matashiya ce, da takalmin roba har gwiwa a ƙarƙashin hijabi. Na ce a raina, tabɗi, yau 'yar boko za ta koya wa tsoho noma. Amma sai ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ko za ku ba ni izini in tono wake ɗaya in duba saiwarsa?"

Baba baki har kunne. Da kansa ya sa fartanya ya tono, ya karkaɗe ƙasar ya miƙa mata.

"Duba da kyau, 'yata," in ji shi. "Tas take, ba ƙurji ko ɗaya. Da can saiwar nan cike take da ƙuraje, tun zamanin mahaifina muke fama da su. Tun da na fasa lambatun kamfani nake jawo ruwansa cikin gonar in an yi fari, suka ɓace. Ruwan nan wari ne da shi, amma akwai magani a ciki."

Malamar ta juya saiwar, ta sake juyawa. Ta roƙa a tono wani, aka tono, aka ƙara wani. Na ga fuskarta ta canja, gabana ya faɗi, kuma ni in gabana ya faɗi faɗa nake yi. Na ce, "Malama, in magana ce ki faɗa mana, kin tsaya kina ta juya saiwa kamar mai tsintar shinkafa!"

Ta je mota ta ɗauko wani waken da ta tono a wani ƙauye mai nisa, saiwarsa duk ƙuraje. Ta sa reza ta tsaga ɗaya. Cikinsa ja ne jawur kamar tsoka.

"Baba, waɗannan ba cuta ba ne," ta ce a hankali. "Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zama a ciki. Su ke jawo taki daga iska su ba wake, abin da ya rage kuma ƙasa ta samu. In cikin ya yi ja haka, suna aiki ke nan."

Baba ya daɗe yana kallon abin. Can ya ce, "Shi ya sa gero yake kyau a inda aka cire wake."

"Shi ya sa, Baba."

"To nawa ina suka tafi?"

Ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an auna ƙasar. Ta ɗiba a leda daga kusurwa-kusurwa ta tafi. Ranar furar haka na mayar da ita gida, ko buɗe kwanon bai yi ba.

Da ta dawo, ta ce gishiri da sinadaran jima sun yi wa ƙasar yawa, amma a gwada wani abu. Farkon damina ta gaba ta kawo wani baƙin gari mai ɗauke da halittun nan, aka cuɗa shi da irin wake a inuwa, aka shuka nan take. Kai, ban taɓa ganin Baba da zumuɗi irin na shekarar ba. Ya daina jawo ruwan lambatu. Kullum sai ya so ya tono ya leƙa, ni kuma in hana. "Haba Baba, ku bar su su zauna mana! Wa zai zauna a gidan da ake ɗaga masa rufi kullum?" Sai ya yi dariya ya ce bakina ne ya kashe mini aure. Wallahi har ni na sa rai, ni da nake cewa gonar ta gaji.

Da wake ya fara fure malamar ta zo. Aka yi ta tono. Ƙuraje sun fito, amma 'yan ƙanana, jefi-jefi. Baba ya karɓi rezar ya ce shi zai tsaga. Ya tsaga na farko, fari. Na biyu fari. Ya bi layi yana tonowa yana tsagawa har ya yanki yatsa, bai ma sani ba. Ni ce na riƙe masa hannu na ce ya isa.

Ya zauna a kan kunya ya dubi malamar. "Faɗa mini gaskiya, 'yata. Ni na kashe ta?"

Ta ce, "Baba, ba ku kuka zuba abin a ruwan ba."

"Amma ni na buɗe masa hanya."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ƙasa tana iya farfaɗowa in an huta da ita, ana zuba mata takin gargajiya, ruwan sama yana wanke ta. Ya tambaya shekara nawa. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, da yawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ni kuma ba ni da da yawa."

Na so in yi masa musu kamar kullum. Kuka kawai na yi, a gaban baƙuwa, ban ji kunya ba.

Duk da haka ya ɗauki maganarta. Ya bar shuka. Kashin tumakinsa yake tarawa a buhu, ya ɗora a keke ya kai ya watsa, ya dawo yana haki. Mutane suna ta cewa tsoho ya fara ruɗewa, yana ciyar da gonar da ba ta ciyar da shi. Wata safiya na same shi durƙushe a tsakiyarta, tafin hannunsa a kan ƙasa, yana cewa, "Ki yafe mini, ban sani ba ne." Na waiga, ba kowa a wurin sai ni, kuma ba da ni yake ba.

Bai ga ƙarshen damina ta biyu ba. Ana gama sadakar arba'in yayyena maza suka ce a sayar a raba, na yi faɗa har muryata ta dishe, aka ce rabona ba zai hana ciniki ba. Wanda ya saya sito ya gina. Ranar da motar kankare ta zo, takin da Baba ya kai na ƙarshe yana nan tsibi-tsibi a gefe, bai samu ya watsa ba. A kansa aka zuba.