Tabon da Ke Hannuna na Hagu

Shekarun baya, bayan na gama lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, na ci jarrabawar da ake zaɓen samari a tura su koyon tuƙin jirgin sama. Abu ɗaya ya rage mini, bizit, wato gwajin lafiya a Yamai, domin ba a barin kowa ya taɓa jirgi sai likitan matuƙa ya sa masa hannu a takarda.

Ni kuwa ɗan Madarunfa ne da bai taɓa shiga tafkin garinsu ba. Tun ina ƙarami an kafa mini dokoki uku a gida: ban da ruwa, ban da hawa itace, ban da zama kusa da murhu. Kakata ta ce mutanen ruwa ne ba sa son jinina, ni kuma ban taɓa neman ƙarin bayani ba. Tsarana na ninƙaya, ni ina gaɓa ina gadin takalma. Da labarin jirgi ya fito, abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wanda bai taɓa hawa mangwaro ba, shi ne za ya hau sama?"

Kwana uku aka yi ana juya ni a Yamai. Ido, kunne, zuciya, jini, ba abin da aka bari. Likitan, wani dattijo mai magana a hankali, ya tambaye ni ko na taɓa suma ko faɗuwa ban sani ba. Na ce a'a, kuma har ga Allah iyakar sanina ke nan. Ya kama hannuna na hagu ya dubi tabon ƙunar da ke kai. Na ce wasa nake ina yaro na faɗa wuta, haka aka gaya mini. Ya sa hannu a takardar, na fito ina jin ƙasar ma ta yi mini kaɗan.

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ranar da na dawo, gida ya cika da 'yan barka, ita tana gefe tana tankaɗe. Sai ta ce wa ƙanwata, "Tambaye shi, mutum nawa abin ke ɗauka?" Na buɗe baki da alfahari na ce sama da ɗari. Sai na ga rariyar ta tsaya a hannun Inna.

Washegari da hantsi, bayan mahaifina ya tafi gona, ta kori kowa ta kira ni ɗakinta. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ban saba gani ba.

"Zamna," ta ce. "Tabon ga na hannunka ba wasa ba ne. Hwaɗuwa ka yi. Sau huɗu tana kama ka, na ƙarshe kana shekara tara. Kowane karo ni na tare ka, sai ran da ina rijiya, wuta ta riga ni."

Farfaɗiya take nufi, ko sunan ba ta iya furtawa. Ta ce kakata ta kai ni wurin masu bori a wani ƙauye ta wajen Safo, mahaifina ya bi malamai, abin ya lafa. In na farfaɗo sai a ce mini zazzaɓi ne. Sun ɓoye ne domin a garinmu wanda aka sani da ciwon nan ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, in ya faɗi gudu ake kada yawunsa ya taɓa mutum, aure kuwa sai dai ya ji ana yi.

Na ce, "Inna, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na warke. Likita ma ya sa hannu."

"Bisa abin da ka hwaɗa mai ya sa hannu. Ko ka koma ka gaya mai, ko ni in hau mota in tahi Yamai in neme shi."

Matar da ba ta taɓa wuce Maraɗi ba! Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya mayar da ni, amma gaskiya tsoron Inna ne, don na san za ta aikata.

Likitan ya saurare ni bai katse ni ba. Aka liƙa mini wayoyi a ka, aka yi ta walƙa mini fitila a ido. Da sakamako ya fito ya ce alamar tana nan, kwance take kawai. Ya ce akwai larurorin da ake ba mutum takarda da sharaɗi, kamar mai tabarau ko mai hawan jinin da magani ya riƙe, amma wannan ba ya cikinsu. Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Ya karɓi takardar da ya sa wa hannu da kansa, ya ce, "Ɗana, mai yiwuwa ba za ka sake faɗuwa ba har abada. Amma ba a ɗora mutane a kan mai yiwuwa."

Na ji haushin mahaifiyata, haushi na gaske. Shekara biyu ina Maraɗi, duk kusancinta da garinmu, ko Sallah ban zo gida ba. Da na gaji na dawo, na same ta tana sussukar gero, na tambaye ta abin da ya daɗe yana ci na: tun da ta iya shiru shekara da shekaru, me ya hana ta ƙarasa?

Ta jingine taɓarya. Ta ce, "Na yi shiru don kar a guje ka. Da kai kaɗai za ka hau, da na haɗiye, in ta addu'a har in mutu. Amma kai da bakinka ka ce mutum ɗari. Kowane da uwa tai."

Yau ina koyar da lissafi a kwalejin garinmu, kuma har yanzu ban sake faɗuwa ba, ko sau ɗaya. Wannan ne ya fi ciwo, ba zan ɓoye ba, domin ba ni da hujjar da zan nuna wa zuciyata in ce ga abin da aka tsere wa. Abin da na gane dai shi ne, sa hannun likita bai fi gaskiyar da aka gaya masa ƙarfi ba, kuma tawa gaskiyar tana wurin matar da ba ta iya karanta takardar ba.

Inna ta rasu bara waccan. In jirgi ya gifta ta saman tafki har gobe ina ɗaga kai, in lissafa mutanen da ke ciki, waɗanda ba su san ta ba. Sai in shafa tabon, in yi mata addu'a.