Wanda Ya Riƙe Mini Ubana

Ƙarfe shida da rabi yake buɗe ƙofar maƙabartar sojoji, bokiti a hagu, buroshi mai laushi a dama. Ba ya sa sabulu, ba ya yarda da buroshin ƙarfe, wai suna cin haruffa. Daga layin jikin katanga yake farawa, yana wanke dutse yana gai da mai shi: "Kofur, an tashi lafiya? Saje, tsuntsayen nan sun sake yi maka rashin kunya." Mutum ɗari uku da sha biyu ne, 'yan runduna ɗaya, duk a wannan filin suka faɗi cikin kwana biyu. Tsofaffin sojoji masu zuwa ziyara su suka raɗa masa Kwamanda, ko da yake bai taɓa riƙe bindiga ba. Wani cikinsu ya ce, "Wa ya kai ka? Ba wanda ya taɓa ƙin bin umarninka."

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara talatin da takwas. An ce in rubuta wani abu a kansa. To bari in faɗi gaskiya: na daɗe ina kishi da mutumin nan, har yau kuma bai sake ni ba.

Mahaifina yana layi na huɗu. Ina goye aka kawo labarin rasuwarsa. A gida in na tambayi Inna wane irin mutum ne, sai ta ce "na kirki," ta miƙe ta nemi aiki. Amma in mun je ziyara, takan zauna kan benci a bakin ɗakin kayan aiki, ita da Kwamanda, in jiyo dariyarta daga nesa. Abokan yaƙin mahaifina ma Kwamanda suke ba labari. Yanzu duk sun rasu, Inna ma haka. Abin da ya rage na mahaifina a duniya yana cikin kan wani da ko ganinsa bai taɓa yi ba.

Da ta rasu na ci gaba da zuwa ni kaɗai. A lokacin ban iya karatu ba. Ta taɓa ce mini dutse na bakwai ne, sai na ƙirga daga wajen ƙofa. Ran nan Kwamanda ya matso kusa da ni, ya ce, "Ɗana, da ka ɗan ƙara gaba..."

Na ce, "Baba, kai za ka nuna mini ubana?"

Ya ɗauki bokitinsa ya wuce. Shekara sha ɗaya bai sake ba. Sai dai duk ranar da na zo, zan gan shi durƙushe gaban wani dutse a layin nan, yana tsinke ciyawar da babu ita, leɓɓansa na motsi. Haushi yake ba ni.

Ina da hamsin da biyu na shiga makarantar manya. Da haruffa suka fara ba ni haɗin kai, can na nufa, na ɗora yatsa a kan dutsena. Sunan ba namu ba ne. Wani yaro ne ɗan shekara sha tara. Ashe Inna daga katanga take ƙirgawa. Na bi layin ina harhaɗawa, sai na tarar da sunanmu daidai inda yake durƙusawa.

Na ce, "Me ya hana ka sake gaya mini?"

"Ka ga bakina ya warke daga ta farko?" Ya matse tsumma. "Yaron can, tun da na kama aiki ko mutum ɗaya bai zo masa ba. Rana tsaka ya samu ɗa mai yi masa addu'a, sai in ƙwace? Naka kuwa ina riƙe maka shi."

Ba ni kaɗai na gani ba. Mai gadi ya ce shekarar da ambaliya ta kwantar da layi biyu, da ka Kwamanda ya mayar da kowane dutse mazauninsa. Aka zo da littafin sunaye aka duba, ba kuskure ko ɗaya. Matarsa ta ce mini, "Ɗari uku ya haddace, ni kuwa har yau 'ke' nake."

Kwamanda, kai ne ka sha zafin bakina ka haɗiye. Kai ne ka tsaya inda ya kamata in tsaya. Ka kwana ka tashi da ubana fiye da ni, fiye ma da Inna, kuma wannan ba zai daina yi mini ciwo ba. Makiyayin da garkensa ba ya ɓata, na gode.

Makon jiya na haɗiye girman kai, na roƙe shi abin da Inna ta gaya masa, kafin ya tafi da shi.

Ya ce, "Kyauta? Naɗe hannun riga. Layi ɗaya, labari ɗaya."

Na gama wanke na farko bayana na ciwo. Ya duba, ya sa na sake duwatsu biyu, sannan ya ce, "Ubanka allura yake tsoro. Mutum huɗu ke danne shi."

Na zauna a ƙasa. Ni ma haka nake.

Duk mai wani nasa a hannun irin waɗannan mutane, ya je ya gaishe su tun suna bakin aiki, ya koyi yadda ake riƙe amanar wanda ba zai ce an gode ba. Layuka sha biyu ne, kwana tara ya rage masa. Na ce ya ba ni biyu a rana, ya ce sai ya ga hannuna.