Jirgin Rimot a Ɗakin Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni na dawo gida. Yayyena mata suna gidajen mazajensu, ƙanena yana karatu a Kano, ni kuma ban daɗe da kama aikin gyaran na'urori a Kaduna ba. Na zo da niyyar yin 'yan kwanaki. Har yau ina nan unguwarmu ta Bolori.

Baba dillalin shanu ne. A daji aka haife shi, cikin garke, sai da ya manyanta ya zauna a gari. Mutumin da bai taɓa wuni a ɗaki ba, sai ga shi kwance, ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi kunu da cokali. Inna ta riga ta rasu. Iyakar fitata kantin magani da masallacin layinmu, sai kasuwa jefi-jefi.

A kasuwar akwai wani Ibo mai shagon kayan lantarki da nake sayen batir a wajensa. Wata rana na hangi dogon kwali a saman kantarsa, ƙura ta rufe shi.

"Oga, wannan fa?"

"Jirgi ne na rimot. Wani ya sa na kawo masa daga Onica, ya gudu ya bar ni da shi. In kana so ka ɗauka. Amma kar ka tashe shi yanzu, tashin farko za ka farfasa shi. Ka fara koya a kwamfuta."

Ya haɗa mini da wayar da ake jona rimot ɗin da kwamfuta, da manhajar koyon.

A ɗakin Baba nake kunnawa, don ba na iya barin sa shi kaɗai. Allon yakan nuna wani koren fili da bishiyoyi can nesa, kai kana tsaye wuri guda, jirgin yana gabanka. Da manyan yatsu biyu ake tuƙa shi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne in jirgin ya juyo yana fuskanta ta, sai hagu ta koma dama. Na faɗo da shi ba adadi. In ya tarwatse sai in danna maɓalli, sabo ya fito.

Ban san Baba yana kallo ba, sai ranar da ya yi magana da harshensa da ya yi nauyi.

"Ina ne nan?"

"Ƙasar Turawa ce ina jin, Baba. Hoto ne."

"Ciyawa haka, ba saniya ko ɗaya?"

Ya ce in kai mu bayan bishiyoyin nan ya ga ko akwai ruwa. Na miƙa jirgin can, ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma ɗigo, mu kuwa muna nan inda muke. Na ce masa jirgin ne kaɗai ke tafiya. Ya juya fuska bango.

Da hannuna ya faɗa, har ina iya kifa jirgin in sauke shi lafiya, sai na buɗe kwalin na harhaɗa na gaske. Fikafikansa na wani soso ne mai tauri, ba shi da nauyi ko kaɗan. Sai dai ina zan tashe shi? A garinmu, saboda matsalar tsaro, duk abin da ya yi ƙara a sama sai mutane sun ɗaga kai gabansu na faɗuwa. Maƙwabcinmu mai tasi ya ce ko a tsakar gida kar in gwada. Shi ne ya kawo shawarar mu je Khaddamari, can wajen gari, inda wani aminin Baba ke da gona, an gama girbi, fili fetal.

Baba ya ji, ya ce da shi za a tafi. Ni da maƙwabcin muka ɗauke shi muka sa a kujerar bayan tasinsa, na tare shi da filo. Rabonsa da fita tun da aka sallamo shi daga asibiti.

A shingen bincike na bakin gari aka ce mu buɗe but ɗin motar. Jami'in ya ga jirgin, ya ja da baya, ya kira babbansu. Wannan ya ɗauke shi ya jujjuya, ya tambaye ni ko da kyamara. Na ce babu, wasa ne kawai.

"Na yarda da kai," in ji shi. "Amma waɗanda za su hango shi daga nesa ba su san ka ba. Ga kuma tsoho a mota. Ku juya."

Ban yi musu ba, don na san gaskiya ya faɗa. Muka juya.

A hanya Baba ya ce a bi da shi ta kasuwar shanu, a sauke gilashi. Warin kashin shanu ya cika motar, ya lumshe ido yana shaƙa. Can ya hangi wasu abokan dillancinsa zaune a ƙarƙashin rumfa, sai ya damƙi rigata da hannunsa mai lafiya.

"Ɗaga gilashin. Kar su gan ni haka."

Da bazara ta kama, ga zafi ga rashin wuta, Baba ya fara fitar da ƙuraje a baya. Na kwance injin jirgin da farfelarsa, na ɗaure a jikin katako, na jona da batir, na ajiye kusa da gadonsa. Yana da ƙara, amma yana ba da iska sosai. Fikafikan na ɗora su saman kabad.

Ƙanena ya ce in ya gama karatu zai zo ya karɓe ni. Masu aikin Kaduna sun daɗe da ɗaukar wani.