Kawu Sahabi da Jaridar da Ba Tasa Ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Talata a Mafara ya san muryar nan. Hantsi na yi, sai ka ga Kawu Sahabi, ƙanen mahaifiyata Hajo, ya jingine kekensa a bakin layin masu albasa, ya hau wani dutse da ya mayar nasa, ya ɗaga takarda ɗaya sama ya rangaɗa: "Jama'a, cigiya! Wa ya yar da takardunai a hanyar Maradun? Shi taho da alama shi amsa!" Sau uku yake faɗa, ya ninke takardar, ya sauko, sannan ya tafi sayen gishiri. Shekara arba'in da 'yan kai yana haka. Wallahi har jakunan kasuwa sun haddace, in ya yi ta biyu su suke taya shi ta uku.

Ku manya kun san asalin abin, amma bari in maimaita saboda yaran da suka tashi suka tarar da shi a kan dutse. Lokacin da ake aikin madatsar ruwa, Kawu na dawowa daga Maradun a kan keke sai ya ga ƙunshi a gefen titi, ɗaure da igiya, nauyinsa ya kai rabin buhun gero. Ya kwance, ya ga takardu ne zalla, da wani irin rubutu mai kusurwa kamar an jera tubali. Ya ɗora a keke sai Bakura, wajen yayansu Malam Buhari, wanda shi ne malamin gidan.

Malam ya duba ta dama, ya juya ƙasa ta koma sama, ya sake dubawa. Ya ce, "Sahabi, wanga ba Larabci ne ba, ba ajami ba, ba boko ba."

"To mi ne ne, Yaya?"

"Tsintuwa ce. Hukuncinta ka yi cigiya shekara guda, ka tsare ma mai ita."

Da Malam ya san abin da kalmar nan za ta jawo mana, da ya haɗiye ta da ruwa.

Kawu ya kwashi takarda ɗaya ya koma wajen aikin madatsa, ya tare wani Bature injiniya da tafintansa. Baturen ya duba ya yi dariya. Tafinta ya ce, "Wai jarida ce ta kullum, da Ibrananci, harshen Yahudawa, can ƙasarsu ake buga ta. Tsohuwa ce, da irinta ake cusa akwatin kayan inji kada su karye. Ya ce ka zubar."

Kawu ya ce, "Tambaye shi, tashi ce?"

"Ya ce a'a."

"Ta ubanai ce?"

Tafinta ya tambaya. "Ya ce a'a."

"To wa ya naɗa shi mai ba da iznin zubarwa?"

Shekara ta cika, ba wanda ya zo. Malam Buhari ya kira shi ya ce ya sauke nauyi, yana iya amfani da ita ko ya yi sadaka, sai dai in mai ita ya bayyana daga baya, sai ya biya shi. Kawu ya zaro ido. "In biya shi da mi? In miƙa mai jaridar Kaduna in ce shi yi haƙuri?" Wani maƙwabci ya sa baki, wai ai kayan Yahudawa ne, a cinna mata wuta kowa ya huta. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni littahin da anka karanta mini bai ce in tsintuwar Bayahude ce a ci ba. In naka ya ce, ɗauko mu gani." Bai ɗauko ba har yau.

Tsoronsa guda ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: kada ya mutu da kayan wani a ɗakinsa, ran gobe a tsayar da shi gaban mutumin da ko gaisawa ba za su iya yi ba. Don haka ƙunshin ya samu gatan da mu 'yan uwa ba mu samu ba. An yi masa akwatin ƙarfe, an ɗora a kan duwatsu huɗu saboda gara, duk rani a fito da shi ya sha iska. Ni da na kwana gidan, tabarma aka ba ni a ƙasa.

Sau ɗaya aka taɓa shi ba da saninsa ba. Inna Kulu, matarsa, ta rasa abin ƙunshe ƙuliƙulin da za ta aika wa ƙanwarta a Jangebe, ta zari shafi guda. Kawu ya dawo daga gona, ya buɗe akwati, hannu kawai ya ɗora ya ce, "Kulu, an rage." Ta ce iska ce. Ya ce iskar ta san makulli? Da ta faɗi gaskiya, ya hau keke cikin rana tsaka sai Jangebe. Ya yi sallama, aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara, ya tambayi damina, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wa ƙanwar, "Ɗan tara hannunki." Ya juye mata ƙuliƙulin a tafi, ya ninke takardarsa ya fito. Inna Kulu ta yi kwana uku ba ta sa masa man shanu a miya ba. Ya ce ya yafe man.

Ni na shiga rigimar ne da na sayi babbar waya. Na ce bari in nuna bajinta, na ɗauki hoton manyan baƙaƙen da ke saman shafi, wayar ta gane jaridar, ta kawo tarihinta. Na ce, "Kawu, ga masu buga ta. Amma ka sani, jarida in an sayar ta zama ta mai saye. Masu bugawa ba ruwansu."

Ya ce, "Kai, ɗan Hajo, ka taɓa kai gero kasuwa?"

"Na taɓa."

"Sunan wa aka rubutawa bisa buhu?"

"Na mai buhu."

"To sunan wa a bisa takardar ga? Karanta mini masu ita, ka bar surutu."

Na karanta. Wasu 'yan jarida ne suka ɓata da maigidansu, suka fice suka kafa tasu. Kawu ya ce, "Masu yaji ke nan. Ci gaba." Bayan shekaru wani attajiri ya saye ta. "Madalla, Alhajin nan za mu nema."

"Kawu, Bayahude ne fa, ba Alhaji ba."

"Mai kuɗi dai ne ko? Ci gaba."

Na ce Alhajin ya bar wa ɗansa, ɗan kuma ya sayar. Nan Kawu ya miƙe tsaye, carbi ya faɗi. "Ya sai da gadon ubanai? Ba shi da kawunne su tsawata mai?" Na ce wanda ya saya ma ya sayar wa wani. Ya koma ya zauna a hankali ya ce, "Ashe shi ya sa ba su zo ba. Ba su zauna wuri guda ba balle su ji cigiya."

Daga ranar majalisar ƙofar gida ta shiga uku. Mutum ya zo da zancen taki ko kuɗin shinkafa, sai Kawu ya karkato da shi kan masu yaji da ɗan Alhaji, kai ka ce mutanen ƙauyen Garbadu ne da aka yi suna tare. Har ɓangare ya ɗauka. Ɗan Alhaji dai bai taɓa samun gafararsa ba. Duk wanda ya zo shawarar sayar da gonar gado, abin da zai ji shi ne, "Tahi ka zama ɗan Alhaji." Gonaki biyu na sani da suka tsira ta haka.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi bara, ya kira ni ya ce in rubuta wa mai jaridar na yanzu, ko ya aiko a ɗauka ko ya yafe. Na rubuta da Turanci, na haɗa da hoton akwati da na Kawu, na tura ta waya. Mako uku shiru. Kawu ya daina cin abinci sosai, kowa ya shigo sai ya dubi hannunsa. To ni, Allah ya yafe mini, na ga abin ya yi yawa, na zauna na tsara amsa da kaina. Na zo da fara'a na karanta masa: wai mai jarida na gaishe shi da iyali, ya ji daɗi matuƙa har ya yi hawaye, ya yafe duniya da lahira, kuma zai aiko masa da rago.

Kawu ya saurara ido rufe. Ya ce, "Rago."

Na ce, "Rago, Kawu. Babba."

"Ɗan Hajo, tun kana da wando guda ba ka iya ƙarya ba tare da ka sa mata nama ba. Tashi ka ba ni wuri."

Amsar gaske ta zo bayan kwana tara, layi biyu rak, daga wata mata mai kula da ajiyar tsofaffin bugu. Ta ce ta kai maganar ofishin mai jaridar, sun ce suna da nasu, waɗannan na Kawu ne, sun ba shi, sun kuma gode. Ba rago, ba hawaye. Kawu ya ce, "Wagga ta yi kama da gaskiya, ba ta da daɗi." Duk da haka sai da ya sa aka kira limamin unguwa da wani malamin makaranta, malamin ya karanta da bakinsa, aka shaida. Sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a kawo fura.

Da ya sha, sai ya ce, "Yanzu tawa ce?" Muka ce tasa ce. "To buɗe, karanta mini. Ban taɓa son jin abin da ke ciki ba, don ba a leƙa takardar mutane." Na ɗora waya a shafin farko da na zaro, ta fassara. Ƙwai ya yi tsada. An yi canjaras a ƙwallo. Gobe ana sa ran ruwan sama a arewa.

Kawu ya ɗago kai. "An yi ruwan?"

"Kawu, shekara arba'in fa ke nan!"

"Ka duba dai. Mutane sun yi shuka."

Ranar Alhamis ta sama ya cika, da hantsi, fuskarsa sake. Sai da aka zo rabon gado muka gane abin da ya yi mana: tunda jarida ta zama tasa, ta shiga dukiya. Liman ya zauna da gumi yana raba shafuka, Inna Kulu ta ɗauki tumuninta, 'ya'yansa maza kashi biyu, mata ɗaya, kowa ya fita da rubutun da ba ya iya karantawa a hammata. Ni ɗan 'yar uwa ko shafin ƙwai ban samu ba.

Muna dariya, amma a cikinmu ban san wanda zai iya riƙe kayan baƙon da bai taɓa gani ba kamar yadda ya riƙe. Allah, ga bawanka Sahabi ya zo maka hannu wanke. Ka jiƙansa, ka yalwata masa kabari, ka karɓe shi da sauƙin hisabi. Mu kuma da muka rage da kayan mutane a ɗakunanmu, ka ba mu ikon mayarwa tun muna da ƙafa. Amin.