Bappa Ladan da Tsiron Ɗan Abuja

Duk wanda ya shiga gidan Bappa Buba a Sintali cikin shekarunsa na ƙarshe ya san ba a gaisawa da shi sai ya duba kwandonsa. Za ka yi sallama, ya ɗaga maka hannu alamar ka dakata, ya tsuguna a gindin gwandar nan ta tsakar gida, ya ɗaga gefen jiƙaƙƙen buhu a hankali kamar mai leƙa jariri, ya shinshina. Sai ya gamsu sannan ya juyo ya amsa maka. In kuwa daga masallaci ya dawo, tun daga zaure za ka ji muryar nan da ya yi shekaru yana kiran salla da ita: "Asta, an ɗauraye?"

Ni ne Manu kafinta, ɗan ƙaninsa, a hannunsa na tashi. Karatuna bai yi nisa ba. Bakina ne ya yi nisa, kuma yawancinku kun san inda ya taɓa kai mu.

Abin ya fara ne da likita ya ce Bappa yana da ciwon suga, ya riƙe maganinsa, ya rage tuwo. Sai 'yarsa Fadi, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta aiko masa da wani hatsi a leda. Ƙwayoyinsa ƙanana ne masu kusurwa uku, launinsu tsakanin fari da kore. Ta ce sunansa bakwit, ana jiƙa shi ya tsiro, a ci ɗanye. Bappa ya gwada sunan a bakinsa, ya ce bai ga dalilin wahalar da harshe ba. Daga ranar hatsin ya zama Ɗan Abuja.

Goggo Asta, matarsa, ba ta taɓa jin an ba ɗan Adam ɗanyen hatsi ba. Don tausayi ta ɗibi rabi ta soya masa a tukunya kamar gyaɗa. Bappa ya jiƙa, ya rufe, ya yi ta jira. Shiru. Da gaskiya ta fito, sai ya dube ta ya ce, "Asta, kin kashe shi."

"Dama da rai ya zo?"

"Da ransa ya zo. Ya tsallake ramukan hanyar Wukari lafiya lau, sai a tukunyarki ajali ya same shi."

Sauran rabin shi da kansa ya kashe. Ya bar shi ya kwana ya wuni a ruwa kamar geron kunu. Ya yi yauƙi kamar karkashi, ya yi tsami, warinsa har zaure. Kun san Bappa ba ya zubar da komai, mutumin da ke miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa ya adana. Ya kai wa kaji. Kajin suka zo suka duba, suka juya. Goggo ta ce ita dai ba ta ce komai ba, amma ko kaji sun fi wasu tunani.

Da Fadi ta sake aiko da wani, sai Bappa ya ɗauki kwando ya nufi gidan da ke bayan katangarmu, wurin Maman Rahila. 'Yar Mumuye ce, mai kunun zaƙi. A da can, kafin ta riƙe coci da gaske, burkutu take dafawa, kuma duk unguwa babu wanda ya kai ta sanin yadda ake sa hatsi ya tsiro. Ta murza ƙwayar a hannu ta ce, "Baba Ladan, wannan abin naka ba dawa ba ne, ba ya son dogon wanka. Ka jiƙa kaɗan, ka tsane a kwando, ka wanke wannan yauƙi har ruwa ya fita fes. Safe da yamma. In ka yi ƙiuya, shi ma zai ruɓe maka."

Bappa, da yake mai tattali ne, ya tambaye ta ko zai iya yi da dawar da ake kawo masa daga Iware, ya huta da jiran saƙon Abuja.

"Tsiron dawa ɗanye? Kai ba Bafulatani ba ne? Ba ka ga abin da yake yi wa akuya ba?"

Bai sake tayar da maganar ba.

Ranar da ƙwayoyin suka fito da 'yan fararen wutsiyoyi, Bappa ya kira mu duka mu gani. Ya kwaɗa su da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ya matsa lemon tsami. Ya ci yana lumshe ido. Na ɗanɗana, na ji kamar na tauna jiƙaƙƙiyar tabarma, na kuma faɗa masa haka. Ya ce, "Kai wuta ta lalata maka baki." Ruwan ɗaurayar ma ba a zubarwa, na gwanda ne. Shi ya sa gwandar gidan ta fi kowa ƙiba.

To, amma a garinmu, hatsi mai tsiro ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu abu ɗaya yake tuna wa mutane. Ga ladanin masallaci yana shiga gidan tsohuwar mai burkutu da kwando, yana fitowa yana murmushi. Wata rana a teburin mai shayi wani ya tambaye ni me Bappa ke yi a can. Da na faɗi gaskiya da an wuce wurin. Amma ni ina son a yi dariya. Na ce, "Ai Bappa kamfani ya buɗe, Maman Rahila ce manaja."

An yi dariyar. Kafin Juma'a labarin ya samu tukwane da itace, har da waɗanda suka rantse sun ji ƙamshi. Dattawan masallaci sai suka sa wani ya riƙa kiran salla, wai don Bappa ya huta. Bappa bai taɓa neman hutu ba. Ba shi da gona babba, ba shi da shago, kiran sallar nan shi ne abin da yake da shi. Sai ya zo ya zauna a sahu, wani yana kira, leɓɓansa na motsi suna bi. Ban iya kallonsa ba.

Goggo ta roƙe shi ya daina zuwa bayan katanga, ko magana ta kwanta. Ya ce, "Matar da ta koya mini abin da ban sani ba, in daina gaishe ta don Manu ba shi da aikin yi?"

Ashe ya sani. Na durƙusa na ce, "Bappa, wasa nake yi."

"Na sani. Duk Sintali babu mai wasa mara gishiri irin wannan sai kai."

"Bari in je in gaya musu."

"Sun yarda da kai sau ɗaya, ya ishe su. Je ka ce da Modibbo da Alhaji Sale ina gayyatarsu bayan la'asar. Kada su ci komai."

Modibbo shi ne limaminmu, Alhaji Sale kuma shi ke riƙe da al'amuran masallacin. Suka zo suna sunkuyar da kai, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Bappa bai yi rantsuwa ba, bai kare kansa ba. Ya yaye buhun, ya miƙa wa Alhaji Sale kwando da buta ya ce, "Lokacin ɗauraya ya yi. Bismilla." Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya tsoma hannu, yauƙi ya bi yatsunsa. Ya ɗago yana neman inda zai goge.

"Ci gaba, Alhaji, sai ruwan ya fita fes."

Maman Rahila tana jin komai ta bayan katanga. Ta ɗaga murya ta ce, "Sannunku, Baba Liman. In giya kuke nema, ku tambaye ni da na yi shekaru a bakin wuta. Wannan abin, ko kaza ba za ta bugu ba."

Bappa ya kwaɗa, ya ajiye musu kwano. Modibbo ya kai loma, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye da ƙyar, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Halal ne. Amma Ladan, ba duk halal ba ne ya zama dole."

Alhaji Sale ya ce, "Wallahi da giyar ce, da mun san nasihar da za mu yi maka. Wannan kuwa sai addu'a."

Bappa bai bar su sun tashi ba sai da kwanon ya koma wankakke. Da rana ta faɗi, Modibbo ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Ladan, lokaci ya yi." Bappa ya tashi ya kira salla. Hukuncina kuwa, ɗaurayar yamma ta dawo hannuna, kuma bai taɓa cewa ta ƙare ba. Ban ƙara jin ya ambaci maganar ba. Na sha tunanin yadda mutum zai tsuguna safe da yamma yana wanke wa ƙwayar hatsi yauƙi don kada ta ruɓe, kuma haka ya yi da ni.

Ba zan ce Ɗan Abuja ya warkar da shi ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Ciwon ya ci gaba da tafiyarsa. A asibiti, da ƙyar yake buɗe ido, na sunkuya in ji ko wasiyya zai yi. Ya ce, "Manu, an ɗauraye?" Na ce an ɗauraye. Gaskiya na faɗa.

Bayan rasuwarsa hankalin kowa ya bar gindin gwanda. Maman Rahila ce da ta shigo ta'aziyya, ta gama kukanta, ta tambaya wa ya duba abin Baba. Muka ɗaga buhun. Sun wuce ci, sun yi tsawo, har sun buɗe 'yan korayen ganye suna neman haske. Goggo Asta, wadda ta soya na farko, ita ta haƙa ƙasa da hannunta ta dasa su a bakin rariya. Yanzu sun yi fararen furanni, ƙudan zuma na zuwa.

Allah Ka ji ƙan Bappa Buba. Ka wanke shi fes, Ka sanyaya makwancinsa, Ka tashe shi cikin masu kiran salla. Mu kuma da ya bari, Ka kama mana bakunanmu. Amin.