Wa Ya Ɗauki Tsohon Jiratawa?

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da wani abokin aikina da zai sari atamfa a Maraɗi. Shi dalilin tafiyarsa a fili yake. Ni kuwa na ce wa iyalina gaisuwa za ni, amma abin da ya tashe ni daban ne, kuma gara in faɗa muku shi tun yanzu.

Malamin makaranta ne ni, amma na daɗe ina ɗaukar hoto a gefe: biki, suna, taron iyayen yara. Ƙanena da ke Maraɗi ni na koya masa riƙe kyamara. Kwanakin baya na shiga biron daraktanmu, wato ofishinsa, na tarar da sabuwar kalanda a bango, wadda wata ƙungiyar manoma ta buga. A jikinta wani tsoho ne ya duƙa yana buɗe wa ruwa hanya a fadamar Jiratawa, hasken yamma ya kwanta a kan ruwan har yana ƙyalli a gemunsa. A ƙasa an rubuta sunan ƙanena. Na san tsohon, na san wurin. Shekarar da ake rikicin tazarce, da makarantu suka shiga yajin aiki, na je gida hutu, muka je Jiratawa tare da ƙanen nawa, kuma kyamarata muka riƙe. Da zan koma na bar masa hotunan ya zuba a ordinatarsa, wato kwamfuta, tunda ni ba ni da ita. Sai raina ya ba ni cewa hotona ne ya liƙa wa sunansa.

Hanya ba laifi, in ban da ramuka da shingayen jandarmomi. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, kamfe ya kankama, kowace bishiyar bakin titi da fuskar ɗan takara a jikinta. Direbanmu mutum ne mai dabara: hulunan jam'iyyu uku ya ajiye a gabansa, yana duba tutar da ke bakin gari kafin ya zaɓi wadda zai sa. A Tasawa muka tsaya karin kumallo, masa mai zafi da miyar yakuwa, dala ɗari ta kuɗin sefa ta ƙosar da mu biyu har da shayi. Abokina ya yi ta yaba masar. Ni ko fastocin nan nake dubawa, ina tambayar kaina ko cikinsu akwai aikin ƙanena.

Da hantsi muka shiga Maraɗi. Garin yana nan yadda na san shi, sai dai ƴan kabu-kabu masu babur ɗin haya sun ƙaru, kamar an zazzago su daga buhu. Kwalaben fetur na Najeriya jere a bakin hanya, manyan motocin hatsi sun toshe kwanar kasuwa. Muka rabu da abokina, na hau babur zuwa shagon ƙanena.

Da na ga shagon sai da na tsaya ina kallo. Na bar shi da ɗan ɗaki da labule ɗaya, yanzu ƙofar gilashi ce, ga janareta, ga mutane a layi masu son hoton katin zaɓe. Ya fito da gudu ya rungume ni yana “Yaya! Yaya!”, ya karɓi jakata, ya aika aka kawo fura mai sanyi. Duk wanda ya shigo sai ya nuna ni ya ce, “Wannan shi ya koya mini.” Maimakon in ji daɗi, sai na ji kamar ana nuna tsohon keken da mutum ya hau kafin ya sayi mota.

Ban yi masa maganar ba ranar. Washegari na ce ina son ganin Jiratawa, ya rufe shago ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamaki: ka baro rairayi da busassun karan gero, sai ka faɗa cikin kore shar. Zogale, albasa, alkama, tumatir, ruwa na gudu a ƙananan magudanan siminti. Mata na tsinkar zogale suna cusawa a buhuna, ƴan sari na jira a inuwa. Kwandon tumatir da muke saye da tsada a Damagaram, a nan kusan roƙonka ake ka ɗauka.

Muka tarar da tsohon a gonarsa. Yana ganin ƙanena ya yar da fartanya ya kama hannunsa da hannu biyu. “Mai hoto! Ka sa har jikokina na birni sun gan ni a bango.” Ni ya gaishe ni gaisuwar baƙo. Na ce, “Baba, ba ka gane ni ba? Ni ma na ɗauke ka.” Ya dube ni da kyau, ya ce, “Allah sarki, tsufa ne, ɗana.” Na riƙe wannan kalma tasa: tsufa ne, shi ya sa ya manta.

Da muka koma shago bayan la'asar na kasa daurewa. Na ce masa, “Hoton kalandar nan, ina jin nawa ne.” Murmushinsa ya ɗauke. Bai yi musu ba, sai ya jawo mini kujera gaban ordinatar ya ce, “Zo mu duba, Yaya.”

Ya buɗe manhajar da yake tara hotuna. Dubbai ne, ƙanana ƙanana, sun cika allon, kuma ba ta nuna maka inda kowanne yake ajiye a cikin injin. Ya nemo na tsohon, ya danna shi da maɓallin dama, ya zaɓi wajen bayani. Wani ɗan akwati ya fito ɗauke da sunan hoton, wanda lamba ce kawai, da girmansa, da ranar da aka ɗauka, da irin kyamarar. Idona ya tafi kai tsaye kan kyamara. Tawa ce. Na buga cinya na ce, “To ka gani!”

“Kyamararka ce,” in ji shi. “Duba ranar.”

Na ce agogon kyamarar nan bai taɓa zama daidai ba, kuma gaskiya na faɗa. Sai ya nuna mini layin ƙarshe, wanda ke nuna hanyar da za a bi a kai ga dosiye, wato jakar da hoton ke ciki. Ya danna, dosiyen ya buɗe, hotunan hutun nan gaba ɗaya suka jeru bisa lambobinsu, yadda kyamara ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ko agogo ya yi ƙarya, lamba ba ta tsallake.

Na ga nawa na ranar farko. Tsohon ne, wurin ne, amma da tsakar rana, ya miƙe ƙiƙam ya haɗa ƙafafu kamar za a yi masa katin shaida. Ni na ce ya tsaya haka, na tuna. Bayan su sai ga ni kwance a tabarma a gidan gwaggonmu a Tsibiri, an ɗora mini jiƙaƙƙen zane a goshi, baki buɗe. Zazzaɓin da ya kayar da ni a hutun nan ne, wanda na manta da shi sarai. Daga nan sai hoton kalanda da ƴan uwansa. Bayansu kuma ni ne dai, zaune, gwaggo na ba ni kunu da ludayi.

“Gwaggo ce ta aike ni in samo maka zogale,” ya ce a hankali. “Na ga kyamarar a rataye, na ɗauka.”

Na daɗe ina kallon allon. Na so in sami wata ƙofa, babu. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, amma ya ɗan jima bai dube ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce faɗa ya yi.

Kashegari muka je Tsibiri gaida gwaggo. An gama girbi, rumbuna cike, ƴan aiki na ta wucewa Maraɗi a kan babura. Ta yi mana tuwon gero da miyar kuka mai daddawa wadda har yanzu ban ci irinta ba. Kalandar na rataye a ɗakinta, ta saka ta cikin leda don ƙura. Ta yi ta ba maƙwabciyarta, wata malamar asibiti da ta dawo daga majami'a, labarin ƙanena, wai ɗanta mai hoto. Can ta juyo gare ni ta ce, “Kai ma an ce kana ɗan taɓawa ko?” Ƙanena ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na ce, “Ina ɗan taɓawa, Gwaggo.”

Mun dawo Damagaram lafiya, abokina da ƙunshin atamfofinsa, ni da buhun zogale da hotunana da ƙanena ya zuba mini a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin ordinatar. Tafiyar ta koya mini in duba kafin in zargi mutum, kuma yanzu na san inda ake dubawa. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce kishin ya tafi ba. Da can ina jin haushin an ɗauke mini abu. Yanzu na san kyamara ɗaya muka riƙe, gaban tsoho ɗaya muka tsaya, shi ya ga abin da ni ban gani ba, kuma wannan ya fi wuyar haɗiya.

Ran Lahadin da ta wuce na hau mota zuwa lambunan Mirya. Na sami wani mai ban ruwa, na gaishe shi, na zauna a gefen rijiyarsa. Ya tambaye ni ko ya tsaya ya gyara riga. Na ce a'a, ya ci gaba da aikinsa, ni zan jira rana ta sauka.