Anti Fusena da Intanet ɗin Ofis

Anti Fusena maƙwabciyarmu ce a unguwar Maamobi, ɗakinta na kallon namu. Ta daɗe tana aikin karɓar baƙi a wani kamfanin jigilar kaya kusa da shataletalen Circle, amma har ta bar wurin ba a taɓa ɗaukarta ma'aikaciyar dindindin ba. A kamfanin, kowa yana da suna da lambar sirri na shiga intanet, ban da masu aikin wucin gadi irinta. Ita kuwa tana karatun ungozoma, darussan duk a intanet suke.

Ta roƙi manaja ya ba ta lamba. Ya ce mai karɓar baƙi murmushi take buƙata, ba intanet ba.

Ta ɗauki tsohuwar kwamfutarta ta kai wa Muftahu, mai gyara a Circle, don ta cika nauyi wajen aiki. Ya goge Windows ya sa mata wata manhaja mai suna Linux. Washegari a ofis, lokacin hutun rana, ta jona wayar intanet da ke ƙarƙashin teburinta don gwaji kawai. Shafin da ke tare mutane yana neman lamba bai fito ba. Ashe Windows kaɗai shingen kamfanin ya sani, duk wata na'ura daban sai ya ɗauka firinta ce ya bar ta ta wuce.

"Ni da ba mutum ba a wurinsu, ashe firinta ce," in ji ta, tana ba ni labari tana dariya.

Haka ta riƙa karatu kullum da rana, tana cin waakye, wato shinkafa da wake, a gaban allo.

Abin da ya tona ta ɗabi'ar gida ce. Matan Zongo, unguwanninmu na Hausawa, ba sa barin kwano ko tukunya ba suna, saboda in an kai aro gidan biki a san na wa za a mayar. Ranar da Muftahu ya tambaye ta sunan da za a sa wa kwamfutar, ba ta ko yi tunani ba, ta ce ya rubuta Fusena Maamobi.

Abdulmajeed, mai kula da na'urorin kamfanin, ɗan unguwar Nima ne. Ya zo teburinta yana sosa ƙeya.

"Anti, muna da firinta mai suna Fusena Maamobi?"

"Tana buga takarda da kyau?"

"Anti, don Allah. Oga ya riga ya gani."

Manaja ya kira ta. Ya ce ta ba da haƙuri a gaban ma'aikata, ta daina zuwa da kwamfutar, ko kuma ta ajiye aikin. Lokacin jarrabawarta ya kusa, kuma aikin nan shi ke riƙe da ita da mahaifiyarta.

"Oga, a lokacin hutuna na yi karatu. Baƙo nawa ya tsaya jirana? Na tambaya ka hana. Ka ba ni lamba kamar kowa, sai in shiga ta ƙofa."

"Ba za ki ba da haƙuri ba ke nan?"

"Haƙurin me? Na karatu?"

Ta zare katin aiki daga wuyanta ta ajiye masa, ta naɗe wayar cajinta a hankali, ta yi wa kowa sallama har da mai gadi.

Yanzu tana taya yayarta sayar da atamfa a kasuwar Makola. Da la'asar takan zauna a barandar wani kantin magani a Nima, inda mai wurin ya bar ta ta yi amfani da intanet ɗinsa. Na tambaye ta ko tana nadama.

"Sosai ma," ta ce. "Da na san za su kore ni, da na sauke darussan gaba ɗaya kafin in fito."